Tambaya da Amsa: Koyar da Ƙwayar Halitta da Rabuwarta a Ƙaramar Sakandare

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa sun taru a kan darasi ɗaya na kimiyya, wato ƙwayar halitta, sassanta, da yadda take rabuwa. An taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata ƙaramar sakandare ta 'yan mata a Gusau. Ɗalibaina sun haura saba'in a aji ɗaya, kuma babu maikuroskof, wato na'urar ƙara girman ƙananan abubuwa, ko guda a makarantar. Nakan zana ƙwayar halittar tsiro da ta dabba a allo, su kwafa, su haddace sunayen sassan, amma na lura a zuciyarsu ba su yarda cewa abin yana jikinsu ba. Ta yaya zan koyar da abin da ba zan iya nuna musu ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Yaran suna da hujja, domin an kawo musu labarin abin da ido ba ya gani, kuma shaidar da aka ba su ita ce zanen alli. Idon mutum ba ya iya rarrabe abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, alhali jar ƙwayar jini sai an jera kimanin 130 gefe da gefe kafin su cika milimita ɗaya. Ki sa su ɗauko rula su dubi tazarar milimita ɗaya kafin ki faɗa musu wannan adadi. Masana ma kansu ba su gamsu da wuri ba. Robert Hooke na Ingila ya duba siririn yankin ɓawon wani itace a 1665 ya ga ƙananan ɗakuna a jere, amma sai bayan fiye da shekara 170, a 1838 da 1839, Jamusawa biyu, Matthias Schleiden da Theodor Schwann, suka bayyana cewa tsirrai da dabbobi duka da ƙwayoyin halitta aka gina su. Abin da ya ɗauki masana wannan tsawon lokaci, bai kamata mu yi mamaki ba idan yarinya 'yar shekara goma sha biyu ta yi shakkarsa bayan darasin minti arba'in.

Saboda haka shawarata ita ce ki jinkirta sunaye har sai sun ga wani abu da idonsu, komai ƙanƙantarsa. Albasa ce abokiyar aikinki. Ƙwayoyin fatarta manya ne idan aka gwada su da na jikinmu, wasu sukan kai kusan rubu'in milimita a tsawo. Ki ɓare sala ɗaya, ki zare siririyar fatar nan mai sheƙi da ke cikin lanƙwasarsa, ki shimfiɗa ta a kan gilashi mai tsabta ba tare da ta naɗe ba, ki ɗiga mata aidin kaɗan, irin wanda ake samu a kyamis. Aidin yana rina ta ruwan ƙasa-ƙasa, bangon kowace ƙwaya ya fito. Da gilashin ƙara girma na hannu, idan mai kyau ne, kuma aka ɗaga samfurin wajen hasken taga, za a ga alamar layukan ƙwayoyin. Wanda ya fi wannan shi ne ƙaramin gilashin da ke bakin 'yar fitilar lesa ta wasan yara: idan aka ciro shi aka manna shi daidai kan idon kyamarar waya, wayar takan nuna ƙwayoyin albasa a fili, kuma amfaninta ga mai ɗalibai saba'in shi ne mutum biyar ko shida za su kalli fuskar wayar a lokaci guda, a kuma ɗauki hoto a ajiye. Kada a raina gilashi guda ɗaya. Antonie van Leeuwenhoek, ɗan kasuwar yadi a garin Delft na ƙasar Holan, da ɗan gilashi guda da ya haɗa da hannunsa ya ga ƙananan halittun ruwa da ƙwayoyin bakteriya a shekarun 1670. Akwai kuma Foldscope, maikuroskof na takarda da Manu Prakash da Jim Cybulski suka ƙirƙira a Jami'ar Stanford ta Amurka, mai ƙara girman abu sau 140, wanda kuɗinsa bai kama ƙafar na maikuroskof na ƙarfe ba. Idan ƙungiyar iyaye da malamai tana neman abin da za ta saya wa makaranta, wannan ya cancanci a kai mata shi. Kafin nan, babbar sakandare da ke kusa ko ɗakin gwaji na asibitin gari suna iya ba da aron na'ura na yini ɗaya idan shugabar makaranta ta rubuta takarda.

Abu biyu zan ja hankalinki a kansu. Yara za su nemi koren nan da suka zana a littafi, wato kulorofilas, ba za su gan shi a albasa ba, domin ƙullin albasa rumbun ajiyar abinci ne da ke girma a cikin ƙasa, ba ya sarrafa hasken rana. Kada ki ba su amsar. Ki tambaye su dalili, sannan ki kawo gansakuka daga bakin tafki su ga koren a can. Na biyu, kada a huda yatsar kowa don a duba jini a cikin aji, komai nacin yara. Idan ana son ƙwayar jikin mutum, a shafi cikin kumatu da audugar goge kunne sabuwa, kowa da tasa, a jefar da ita nan take.

Tambaya: Ni malamin kimiyyar rayuwa ne a wata kwaleji a Maraɗi. Nakan kwatanta ƙwayar halitta da tsohon birni: bango shi ne ganuwa, nukiliyas shi ne fadar sarki, maitokondiriya su ne murahun da ake dafa abinci, bakiyol kuma rijiya. Yara suna jin daɗin kwatancen, amma wani abokin aikina ya ce ina ɓatar da su. Wa ya fi gaskiya?

Amsa: Malam, kowannenku yana riƙe da wani ɓangare. Kwatancen yana da kyau wajen nuna cewa kowane sashe da aikinsa, kuma ya fi kwatancen masana'anta da littattafai da yawa suke kawowa, wadda akasarin yaranmu ba su taɓa shiga ba. Inda yake gurgunta fahimta shi ne wajen ganuwa. Ganuwa tana tsare gari, ƙofofinta kuma suna tantance mai shiga da mai fita, sai yaro ya ɗauka bangon ƙwaya ne yake yin ayyukan biyu. A haƙiƙa bangon ƙwayar tsiro, wanda aka yi da selulos, ƙarfi da siffa yake bayarwa, ruwa da gishiri suna ratsa shi ba tare da wani shamaki ba. Mai tantancewa shi ne siririn tantanin da ke manne a cikinsa, kuma wannan tantani kowace ƙwaya tana da shi, ta tsiro ce ko ta dabba. Haka nan fada tana sa yaro ya zaci nukiliyas yana tunani yana yanke hukunci, alhali ma'ajiyar DNA ce, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, inda ake kwafo umarnin haɗa sinadaran furotin. Jar ƙwayar jinin mutum ma idan ta balaga ba ta da nukiliyas sam, amma tana aikinta na ɗaukar iskar oksijin har kimanin kwana 120.

Ba zan ce ka daina ba. Ka kawo kwatancen, sannan ka ba yara aikin gano inda ya gaza, domin wanda ya iya faɗin inda birni ya saɓa da ƙwaya ya fahimci ƙwayar. Bambancin bango da tantani kuwa gwaji ne yake tabbatar da shi, kuma kai da ke kusa da Galmi ba ka da matsalar jar albasa. Launin nata yana cikin ruwan bakiyol ne. Ka zare jar fatar waje, ka duba ta cikin ruwa zalla, sannan ka ɗiga ruwan gishiri mai kauri. Cikin 'yan mintuna ruwa zai fita daga ƙwayoyin, jan ya tattaru a tsakiya, tantanin ya janye, bangon kuma ya tsaya inda yake. Idan babu na'ura, yankakken dankalin Turawa biyu, ɗaya a ruwan gishiri ɗaya a ruwa zalla, za su nuna sakamakon: na farko ya yi laushi, na biyu ya yi ƙarfi.

Tun da ka ambaci maitokondiriya, ka kula da wani kuskure da ya yaɗu, cewa tsiro yana da kulorofilas, dabba kuma tana da maitokondiriya, kamar an raba musu. Tsiro yana da duka biyun, domin bayan ya samar da sukari ta amfani da hasken rana, sai ya ƙona shi ya sami kuzari kamar yadda muke yi.

Tambaya: Ɗalibaina a Zariya suna iya jero matakai huɗu na maitosis, wato rabuwar ƙwayoyin jiki, ba tare da tuntuɓe ba, amma da an tambaye su bambancinsa da mayosis, wato rabuwar da ke samar da ƙwayoyin haihuwa, sai su rikice. Wasu ma suna cewa idan ƙwaya mai kuromosom 46, wato ƙunshin zaren DNA, ta rabu, kowace za ta sami 23, idan ta sake rabuwa kuma a ci gaba da ragewa. Ina gyaran yake?

Amsa: Malam, yaron da ya ce adadin zai yi ta raguwa yana tunani daidai bisa abin da aka ba shi, an gaya masa ana rabawa, ba a jaddada masa cewa ana kwafewa kafin a raba ba. A ganina nan ne darasin yake karyewa a azuzuwa da yawa. Muna kashe lokaci a kan furofes, metafes, anafes da telofes saboda su ne masu hoto a littafi, mu tsallake dogon zangon da ke gabansu, wanda a cikinsa ƙwaya take girma ta kwafi DNA ɗinta baki ɗaya. Ƙwayar mutum mai saurin rabuwa takan kammala zagayenta a kimanin awa 24, rabuwar kanta kuma ba ta cika wuce awa ɗaya ba. Kuma ba ƙaramin kwafi ba ne, domin DNA da ke cikin nukiliyas ɗaya idan aka warware shi ya kai kusan mita biyu.

Ka ajiye sunayen matakai na mako guda, ka koyar da ƙirga. Ka samo zaren saƙa ja da baƙi, ka raba yara rukuni-rukuni, kowane rukuni ya zana babban da'ira a ƙasa. Ka ba su zare huɗu: dogo ja da gajere ja daga uwa, dogo baƙi da gajere baƙi daga uba. Wannan ƙwaya ce mai kuromosom huɗu. Mataki na farko, kowane zare a yanko masa irinsa a ɗaure su a tsakiya. Don nuna maitosis, a jera ɗaurarrun huɗu a layi ɗaya a tsakiyar da'irar, a kwance ƙullin, a ja ɗaya dama ɗaya hagu, a ja layi a raba da'irar. Kowane ɓangare yana da huɗu, irin na asali sak. Don nuna mayosis, a sake kwafewa a ɗaure, amma a wannan karon dogo ja ya tsaya kusa da dogo baƙi, gajere kusa da gajere, a raba abokan ba tare da an kwance ƙulli ba, sai a rabuwa ta biyu a kwance. Kwafi ɗaya, rabuwa biyu, ƙwayoyi huɗu, kowace da zare biyu. Idan rukunai suka zagaya suka duba aikin juna, za su tarar wasu sun sami ja da ja, wasu ja da baƙi. Ka gaya musu cewa a jikin mutum, mai tagwayen kuromosom 23, wannan juye-juyen kaɗai yana iya ba da haɗi iri 8,388,608, kafin ma a lissafa musayar gutsattsarin da kuromosom suke yi da juna. Daga nan yaro zai gane abin da ya sa shi da ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya, ba su zama mutum ɗaya ba. Sunayen matakai su zo bayan wannan. A lokacin lakabi ne kawai ake liƙa wa abin da hannu ya riga ya yi.

Misalai kuwa suna gona da turke. Manomi yana dasa karan rogo ko na rake ya sami irin uwar ba canji, domin maitosis ne kaɗai ya yi aiki, kuma shi ya sa ake yi wa mangwaro aure maimakon a dogara da ƙwallonsa, wanda ya bi ta mayosis da barbara yana iya fitowa daban. Adadin kuromosom ma abin sha'awa ne ga yara: gero 14, albasa 16, masara da dawa 20, wake 22, tunkiya 54, akuya da saniya 60. Wannan jeri yana kashe zaton cewa yawan kuromosom shi ne daraja, tun da akuya ta fi mu. Misalin da na fi so shi ne alfadari. Jaki yana da 62, goɗiya tana da 64, kowanne ya ba da rabi, 31 da 32, ɗan ya tashi da 63. Jikinsa yana girma lafiya ƙalau, domin maitosis ba ya buƙatar kuromosom su nemi abokai. Amma idan aka zo mayosis, na jaki da na doki ba sa haɗuwa daidai, shi ya sa da wuya ƙwarai alfadari ya haihu. Ka ba su lambobin ka bar su su gano wannan da zarensu.

Idan ka sami maikuroskof, ɗora albasa a bakin kofin ruwa, gindinta yana taɓa ruwan, cikin 'yan kwanaki saiwoyi za su fito. Milimita biyu na ƙarshen saiwar nan ne ake rabuwa. Ana tausasa shi da ruwan asid mai rauni, wanda malami kaɗai zai taɓa, a rina, a danne a kan gilashi. Ka sa su ƙirga ƙwayoyi ɗari su ware masu rabuwa. Za su tarar mafi yawa ba sa cikin ko ɗaya daga matakan huɗu. Yana da kyau kuma su ji cewa Walther Flemming ya bayyana maitosis a 1882, amma har zuwa 1956 littattafai suna cewa mutum yana da kuromosom 48, sai da Joe Hin Tjio da Albert Levan suka sake ƙirgawa a birnin Lund na Suwidin suka sami 46.

Tambaya: Ni uba ne a Katsina. 'Yata mai shekara goma sha uku ta dawo daga makaranta tana tambayata rukunin jinina da na mahaifiyarta, tana kuma cewa malaminsu ya ce daga uba ne ake samun namiji ko mace. Shin wannan bai yi wa yara wuri ba?

Amsa: Malam, damuwarka ta uba ce kuma a wurinta take, amma a nan ina ganin malamin bai wuce gona da iri ba. Abin da ya faɗa gaskiya ne. Cikin kuromosom 46 akwai biyu masu alaƙa da jinsi. Mace tana da X biyu, namiji yana da X da Y. Bayan mayosis kowane ƙwan mace yana ɗauke da X, ƙwayoyin namiji kuwa rabi X rabi Y, kuma wadda ta riga isa ita ce sababin jinsin ɗan. Babu wanda yake zaɓa, uban ma ba shi da iko a kai, kyauta ce ta Allah. Amfanin sanin haka a fili yake a cikin al'ummar da har yanzu ake samun matar da ake gorantawa don ta jera 'ya'ya mata.

Tambayar jini kuwa ta sikila ce, kuma Najeriya ce ke kan gaba a duniya wajen yawan jariran da ake haifa da ita. Umarnin haɗa himogulobin, sinadarin jar ƙwayar jini da abin ya shafa, yana kan kuromosom na 11, kowa yana da kwafi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Mai AS, wato mai kwafi ɗaya lafiyayye (A) da ɗaya na sikila (S), lafiyarsa ƙalau, amma rabin ƙwayoyin haihuwarsa suna ɗauke da S. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zama SS, kuma jajayen ƙwayoyin mai SS sukan lanƙwashe su toshe ƙananan jijiyoyi, su mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon 120. Mutane da yawa suna fahimtar lissafin a karkace, su ɗauka idan an haifi mai sikila ɗaya, uku na gaba sun tsira. Kowane ciki lissafinsa sabo ne. Kana iya nuna mata wannan a gida da jaka biyu, kowace da farin wake ɗaya a matsayin A da ja ɗaya a matsayin S, ta zaro ɗaya daga kowace ba tare da ta duba ba, ta mayar, ta maimaita sau da yawa tana rubutawa. Wani lokaci ja da ja za su fito sau biyu a jere. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure wadda ta haɗa da gwajin sikila, kuma ya fi sauƙi yarinya ta san ma'anarsa tun yanzu, da ta fara jinsa bayan an sa rana. Sharaɗin da zan gindaya wa malamai shi ne kada a tambayi yaro rukunin jininsa ko na iyayensa a gaban aji, domin da wuya a rasa mai sikila ko ɗan'uwansa a zaune a wurin.

Tambaya: Ni ɗalibi ne ɗan aji uku a Jos. Idan ƙwayoyin jikinmu suna ta rabuwa, me ya sa mutum yake daina tsawo?

Amsa: Tambayarka ta yi kyau, ɗana. Tsawo yana fitowa ne daga wani faifan guringuntsi da ke kusa da ƙarshen dogayen ƙasusuwa, inda ƙwayoyi suke rabuwa suna ƙara wa ƙashi tsayi. A ƙarshen balaga sinadaran jiki suna sa faifan ya rikiɗe ya zama ƙashi, daga nan tsawo ya tsaya. Sauran rabuwar da ke ci gaba ta maye gurbi ce: ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin hanji ana sabunta su cikin 'yan kwanaki, ɓargo yana fitar da jajayen ƙwayoyin jini fiye da miliyan biyu a kowace daƙiƙa, kusan adadin da yake mutuwa. Wasu kuma, kamar akasarin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da na tsokar zuciya, da wuya su sake rabuwa, shi ya sa rauninsu yake da wuyar warkewa.

Jiki yana da sinadaran da ke ba ƙwaya izinin rabuwa da masu tsayar da ita. Ka ɗauki biro ka lissafa abin da zai faru idan babu masu tsayarwar: ƙwaya ɗaya bayan rabuwa 10 ta zama 1,024, bayan 20 ta haura miliyan, bayan 30 ta haura biliyan. Idan DNA na wata ƙwaya ya lalace ta yadda ba ta jin umarnin tsayawa, abin da ke biyo baya shi ne ciwon daji. Hayaƙin taba yana jawo irin wannan lalacewa a huhu, ƙwayar cutar HPV kuma tana jawo ta a bakin mahaifa, wanda shi ne dalilin rigakafin da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoba na 2023. Magungunan daji da yawa suna kai hari ne ga ƙwayoyi masu saurin rabuwa, kuma da yake na tushen gashi suna cikinsu, gashin mai shan maganin yakan zube, ya sake fitowa bayan an kammala.